Kalmomin da Baffa Yake Kawowa

Tun da Baba ya faɗo daga tsani wajen gyaran wayar wuta, Hausa ta ɓace masa. In ya buɗe baki sai Turanci, wanda ya koya a kamfanin da ya yi wa aiki da ƙuruciya. Likita ya ce hakan na faruwa in an bugu a ka, kuma in dai yana magana, to a sa rai zai tashi.

A gidan Auta ce kaɗai ta je sakandare. Amma Baffa, ƙanin Baba, ya ce bai kamata 'ya mace ta ga ubanta a haka ba. Shi ke masa wanka, shi ke juya shi, shi ke ba shi abinci a baki. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sa masa albarka. Shi kuwa ya yi ta share hawaye, wai da bai tafi kasuwa ranar ba da hakan ba ta faru ba.

Da safe Baffa yakan tare Auta a bakin ƙofa tana ɗaura takalmi, da kalmar da ya ji a bakin Baba.

"Baturiyarmu, mene ne ladder?"

"Tsani ne, Baffa."

"Allah sarki. Abin na ransa."

Wata rana hands, wato hannuwa. Wata rana why, wato me ya sa. Ta faɗa, ya gyaɗa kai, ya koma ciki ya turo ƙofa. Ita dai daɗi take ji, ko ba komai tana da amfani a jinyar.

Wata safiya ya fito ido jawur.

"I remember fa?"

"Wai ya tuna ke nan." Sai ta daka tsalle. "Baffa, Baba ya fara tunawa! Ya kusa warkewa!"

Baffa bai yi dariya ba. "Maza, kar ki makara."

Da ta dawo ta tarar da takalma cike da ƙofar gida. Baffa ya ce barci ya ɗauke Baba, bai farka ba. Har ya wanke matashin Baba ya shanya.

Tun daga nan ko ƙamus ba ta son gani. In ta wuce ɗakin sai ta ji kamar ana jero mata kalmomin ƙasa-ƙasa.

Sai daga baya tsohuwar maƙwabciyarsu mai ciwon ƙafa ta samu ta lallaɓo gaisuwa. Ta riƙe hannun Mama, Auta na tsugune tana zuba mata ruwa.

"Ki riƙa lallashin Baffan yara, shi abin zai fi ci. Ta taga na hango su ranar, shi ke riƙe masa da tsanin."