Dawar Bayan Zana

Malama Lantana, kin ce ku huɗu ne kacal a cibiyarku, ga bincike ga wayar da kan jama'a, har kin rasa wanda za ki kama da wanda za ki saki. To, gyara zama, an yi waɗanda ba su kai ku yawa ba.

Wata 'yar cibiyar binciken noma ce a bayan wani gari, daf da hanyar kasuwa. Ma'aikatanta uku: shugaba, wanda rabin ransa ya ƙare wajen neman tallafi a birni, da wata mata mai kula da ɗakin gwaji, sai masanin iri. Shekara da shekaru suna fama da ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta. Da ƙyar da jiɓin goshi suka tace wata dawa wadda ƙuduji ba ya iya mata. Gonar gwajinsu kuwa, kamar yadda masu bincike suka saba, sun kewaye ta da doguwar zana, kada akuya ko hannun mutum ya ɓata musu sakamako. Ko tsuntsu, da suna da iko, sai ya nemi izini.

Saura abu ɗaya, dawar ta shiga gonakin mutane. In ba ta shiga ba, iri ya mutu a sito, wahalarsu ta tashi a tutar babu, ƙuduji ya ci gaba da cin karensa babu babbaka. Aikin ya faɗa kan masanin iri, don babu wani. Da bazara ya ɗaure buhu a bayan babur ya bi ƙauyuka yana bayani har muryarsa ta dushe. Duk inda ya je, dattawa su shimfiɗa masa tabarma, su saurare shi tsaf, su ce, "To, madalla. Allah ya yi albarka." Shi kuwa bawan Allah, kowane "to" gona guda yake lissafa shi. Ya bar wa kowane mai gida tiyar iri, ya koma cibiya yana murna.

Bayan an yi shuka ya zagaya don ya ga yadda ta tsiro. A wani ƙauye wani dattijo ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka kawo masa tuwon dawa da miyar kuka. Sai da ya yi nisa da ci, dattijon ya ce, "Ai dawarka ce, Malam. Mai ɗakina ta yaba, ta ce tana da auki." Masanin iri ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya bi sauran gidaje, labarin ɗaya ne, wani an yi kunu, wani an watsa wa kaji. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce mutanen nan ba sa son ci gaba. Ni kam ban ga laifinsu ba. Ba maƙaryaci suka ɗauke shi ba, amma wa zai ɗora abincin iyalinsa na shekara a kan bakin baƙo?

Ana tsakiyar marka aka yi ruwa da iska, ta kwantar da zanar da ke gefen hanya. Babu mai gyara. Shugaba na birni, matar na kan wani gwaji da ba ya son a ɗaga, shi kuma masanin iri noma ya sha masa kai, don yawon ƙauyuka ya sa ciyawa ta cinye gonar. Ya yi ta fargabar awaki, ya manta cewa da damina kowa yakan ɗaure tasa. Ran kasuwa yana duƙe da fartanya sai ya ji hayaniya. Ya ɗago ya ga mutane sun sauke kaya, sun jingine kekuna, sun tsaya cirko-cirko. Abin da suke kallo, shi ya saba da shi har ya daina ganinsa. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, amma kunyoyin hagu dawar gida ce, ta tsumbure ta yi rawaya, ƙuduji ya rufe ta da jan fure. Na dama kuwa tasu ce, kore shar, ta fi mutum tsayi. Ya taso zai kore su, don abin da ya iya ke nan, sai ya hangi mai tuwon nan tsugune, yana tona gindin dawar da yatsa yana neman ƙuduji, bai samu ba.

"Malam, wannan wace dawa ce?"

"Baba, ita muka ci a gidanka."

Dattijo ya daɗe tsugune da ƙasa a hannunsa. Tasa gonar kamar kunyoyin hagu take, ya kuma san hatsin bana ba zai kai iyalinsa bazara ba. Kunya ta rufe masanin iri. Bara ma haka dawar nan ta tsaya a bayan zana, dattijon kuwa ta nan yake wucewa duk ran kasuwa.

Ma'aikatan cibiyar ba su sake ta da zanar ba, babur ma ya huta. Ran kasuwa ɗayansu yakan zauna a bakin gona ya amsa tambaya, sauran ranaku su yi bincikensu. Da kaka dattijon ya zo neman iri da ƙafarsa, da ƙwaryarsa, da maƙwabtansa, ba wanda ya aika masa.

Saboda haka, 'yata, kafin ki nemi ƙarin ma'aikata, duba ki ga wace zana kuka kafa tsakaninku da hanya. Ba a banza Hausawa suka ce gani ya kori ji ba.