Mai Kwasar Waɗanda Suka Gaza

Ya wuce Bukkuyum da kaɗan ƙafarsa ta ƙi. Tun asuba yake gudu daga Anka, ga Gummi ko alamarta babu. Ya zube a gindin tsamiya.

Wata tsohuwa mai tsintar itace ta miƙa masa ruwa. "Wa ya koro ka, ɗana?"

"Ba kowa, Inna. Gasar gudu ce, na kasa."

"Mu nan ba a gudu sai da dalili."

Can ya jiyo rugugi daga cikin daji, ya yi ajiyar zuciya. "Ga mai mashin ɗin da ke kwasar waɗanda suka gaza."

Tsohuwar ta kasa kunne. Ta yar da itacen, ta ɗaure zani tamau.

"Mashin ɗaya suka ce maka?"