Yoyon Masai

"Sake fasawa, Malam Istifanus," na ce wa magini. "Har yanzu yana yoyo."

A shekarar 'yancin kai aka ba mu gidan Nasara mai masai na zama. Tun da aka shimfiɗa sabon karo, wato tayil, a ban-ɗakin, kullum ƙasa a jiƙe. 'Yata Wasila ta fara tafiya, tsoron kada ta zame ya hana ni sukuni.

Ya fasa, ya liƙe, ya sake shimfiɗawa. Da sassafe na tarar da Innata, baƙuwarmu daga Gidimuni, tana yayyafa wa karon ruwa da ƙwarya.

"Sabon daɓe sai da ruwa, ɗan nan," ta ce. "Ka hana maginin nan fasawa. Kullum sai ya mayar da ni farko."