Kabeji Na Tukunya Ne

Rodica ta fara jin ƙullutun ne a nononta na hagu lokacin da matan ƙauyensu, kusa da garin Botoshani, ke jera kabeji da gishiri a ganga don ajiyar lokacin sanyi. Bai kai ƙwayar masara ba, kuma ba ya ciwo.

Ta nuna wa uwar mijinta, Mama Safta. Tsohuwar ta taɓa, ta taɓe baki.

"Wannan ne abin tayar da hankali? Sanyi ne ya shige ki. Daka ganyen kabeji da kwalba ki ɗaura. Da shi uwata ta yi, da shi na yi."

Mijin Rodica, Costel, ya ce, "Bari mu gama kwashe masara, Rodi. In kin je asibiti yanzu, yanka ki za su yi kamar kaza, gari ya ɗauka."

Aka kwashe masara. Ƙanƙara ta sauko, hanya ta toshe. Kullum Rodica na ɗaura ganye, kullum abin na girma. Sai da itatuwa suka yi fure, fatar wurin ta lotsa, sannan ta hau mota ta tafi birni, Costel na bin ta yana gunaguni.

Likitar, wata mace mai suna Oprea, ba ta ɓoye mata komai ba. Sankarar nono ce.

"Da kin zo tun yana ƙarami, da ƙullutun kaɗai za mu cire, mu bar miki nononki, sai a gasa wurin da na'ura. Yanzu dole a cire duka, har da kaluluwar hammata."

Rodica ta kalli hannuwanta.

Likitar ta ci gaba. "Amma akwai sauran zaɓi. Bayan kin gama magani, ana iya gina miki wani da roba mai taushi, ko da naman cikinki ko na bayanki. Kina iya barin wurin a shafe. Kowanne da wahalarsa, zan yi miki bayani."

"A sa mata robar kawai, Dokta," in ji Costel. "Kada mutane su gane."

Rodica ta juyo. "Costel, kai za a yanka?"

"Haba Rodi, don ke nake faɗa."

"Kun yi min zaɓi sau ɗaya, kai da Mama. Ga inda ya kawo ni. Wannan karon ka jira ni a waje."

Ya fita yana murza hularsa.

An yi tiyata, aka ɗora ta kan maganin sankara mai ƙarfi. Gashinta ya zube, hannun hagu ya kumbura har ba ta iya cuɗa burodi. Game da gina nonon, ta ce wa likita sai ta warke ta yi tunani, ba don bakin kowa ba.

Ranar Lahadi ta zauna a bencin ƙofar gida, inda mata ke hira, rigarta a shafe gefe guda. Ba ta cusa tsumma a wurin ba. Duk wadda ta saci kallo sai ta ce, "Duba da kyau, maƙwabciya. Aikin ganye ne."

Mama Safta ta fito da ganyen kabeji dakakke. "Ungo, ɗaura a hannun nan."

Rodica ta karɓa, ta shiga kicin, ta yayyanka shi a miya.

"Kabeji na tukunya ne, Mama. Gobe zan kai 'yarki Anica a duba ta. Ta ce min ita ma tana jin wani abu, kin ce ta ɗaura."

Tsohuwar ta zauna a bakin ƙofa.

Jama'a, ni ma uban 'ya'ya mata ne, kuma abin nan na hana ni sukuni. Ƙullutu a nono na likita ne tun ranar farko, domin jinkiri na cinye zaɓi. Zaɓin da ya rage kuwa, na mai jikin ne.