Mai Kauri Ko Marar Kauri

"Manka ne ya kashe motar nan," in ji Yaya. "Tsohon inji baƙin mai mai kauri yake so, 20W-50. Kowa ya san haka."

"Kowa ɗin ne ya ƙera ta?" Auta ya kaɗa masa littafin motar a fuska. "5W-30 aka rubuta. Shi nake zubawa, kai kuma ka bi bayana ka ɗura mata kwalta."

Umma na zaune a bencin gareji, ƙafafunta a kumbure. 'Yar motar nan ce ke kai ta asibiti duk Talata, ga shi injin ya buga a tsakiyar titi. Kwana uku ke nan 'ya'yanta suna wannan musu, kowa na rantsuwa shi ke kula da motar tun rasuwar mahaifinsu, shekara huɗu baya.

"Malam," ta ce wa bakanike, "don Allah duba mana wanne ne a ciki, mu huta."

Bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance notin da ake juye baƙin mai ta nan. Abin da ya ɗigo bai kai rabin kofi ba. Ya ciro filta, ya daɗe yana kallon kwanan watan da ke jikinta.

"Hajiya, rubutuna ne wannan. Ni na yi juyen mai na ƙarshe, marigayi yana zaune nan inda kike."

Umma ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe akwai abin da kanku ya haɗu a kai."