Sarƙar da ba ta shiga rabon gado ba

Tanimu, jawo tabarma ka zauna. Na ji an ce tun arba'in ɗin babarku ba ka taka gidan ƙaninka ba, wai kana jira shi ya fara zuwa. Ni ba malama ba ce, shinkafa na sani, ita nake turarawa in sayar tun rasuwar maigidana, kuma ba a taɓa cin ribar banza a kaina ba. To da shinkafar zan yi maka misali.

A wani gari na bakin fadama an yi wani mutum mai injin casar shinkafa. Da ya rasu aka raba gado tsakanin 'ya'yansa biyu maza: wan ya ɗauki injin da ke shan mai ya ba da ƙarfi, ƙanen ya ɗauki wanda ke casa. Injunan biyu suna rumfa ɗaya, baki da baki. Kowane inji yana da sandar ƙarfe mai juyawa, a kan kowace sanda akwai faifai mai haƙora, sai wata gajeriyar sarƙa mai ninki biyu, ba ta fi kamu biyu ba, ta naɗe faifan nan ta haɗa su. In na wan ya juya, ita ke ɗaukar ƙarfinsa ta miƙa wa na ƙanen. Amfaninta shi ne, ko sandunan ba su saitu daidai ba, tana ɗan ba da kai ta shanye bambancin. Masu rabon gado sun lissafa komai har da bokiti, amma ba wanda ya tuna da sarƙar. Wan mutum ne mai zafin nama, ƙanen kuwa sai ya kwana yana juya magana kafin ya furta, saboda haka ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Kowa ya goge injinsa ya yi gaba. Tsohuwarsu ce ke zirga-zirga tsakanin gidajen biyu da ƙwaryar fura, ta ce wa wannan ɗan'uwanka yana gaishe ka, ta je ta ce wa wancan haka, alhali ba wanda ya aiko ta. Haka aka shekara tara, inji bai taɓa kwana ba aiki ba.

Da Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa, ba a yi wata uku ba sarƙa ta fara kuka. Wan ya ce ai kusa da injin ƙanen take, ƙanen ya ce ƙarfin wan ne ke cin ta. Ana nan, ranar wata kasuwa da tsakiyar kaka, buhuna jibge har bakin hanya, sarƙa ta tsinke. Injin wan ya yi ta ruri yana juyawa a banza, na ƙanen ya tsaya cik da shinkafa a maƙogwaro. Mata masu shinkafa suka jira kwana biyu, a na uku suka ɗora kayansu a amalanke suka nufi garin gaba. Ƙanen ya daina fitowa ma. Wan ne shi kaɗai ya kirawo bakanike. Bakanike ya buɗe murfi, ya gwada sandunan, ya ga ƙasa ta lotsa, sun kauce wa juna sosai. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan sarƙa tuni ya kamata ta mutu. Wa ke sa mata giris?" Wan ya ce shi dai bai taɓa ba. Sai wata mai ƙosai da ke zama a bakin rumfar ta ce ai tsohuwa ce, kullum da hantsi kafin a tada inji takan zo da ɗan gwangwani a haɓar zane, ta durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta bi sarƙar da yatsa gaɓa-gaɓa, ta goge hannu da ƙaiƙayi ta wuce. Wan ya sa aka buɗe ɗakinta. Aka sami gwangwanin a bayan randa, giris ya kusa ƙarewa, ga sawun yatsanta nan a ciki bai goge ba.

Bakanike ya ce sabuwar sarƙa tana jakarsa, amma in ya ɗaura ta haka ba za ta yi sati ba. Sai an sassauta notin ƙafafun injunan duka biyu, wannan ya matso kaɗan, wancan ya matso kaɗan, kuma shi ba zai sa sufana a kayan mutum ba ya nan ba. Ya ce a aika a kira ƙanen. Wan ya daɗe tsugune da gwangwanin a hannu, sannan ya ce ba sai an aika ba. Ya sa takalmi ya bi lungun da rabonsa da shi tun ranar jana'iza, ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama sau biyu. Ƙanen ya fito, ya dube shi, ya dubi abin da ke hannunsa, ya gane. Bai yi maganar inji ba. Cewa ya yi, "Yaya, ka ci abinci kuwa?" Kafin la'asar an ji ƙarar casa har bakin fadama.

Kai ma mai yi muku zirga-zirgar ta kwanta dama, Allah ya jiƙanta, kuma ba wata za a aiko muku ba. Gidan ƙanin naka bai fi tafiyar shan ruwa ba. Ka dai ji abin da magabata suka ce: zumunci a ƙafa yake.