Gishirin Bayan Ɗakin Inna

Ranar da aka kafa fitilar ƙarfe a bangon ɗakin kakata Inna a Gumel, hannunta na jan carbi, idonta na kan mai gyaran wuta. Da ya gama, sai ya zaga bayan ɗakin ya haƙa rami. Ya kafa sandar ƙarfe, ya ɗaura mata wayar da ya jawo daga fitilar, ya zuba gawayi da gishiri, ya binne.

Yana fita ta kira ni. "Ke, ɗauko fartanya."

"Inna, ya ce maganin jan wuta ne."

"Maganin nake tsoro. Tun da nake, ban taɓa ganin an binne wa mutum gishiri a bayan ɗaki don alheri ba. Wa ya turo shi?"

"Baba."

"Wa ya nuna wa babanki shi?"

Ban sani ba, don haka na tone. Har yau ina jin warin jiƙaƙƙen gawayin nan. Ta fizge wayar, ta tofe ramin da addu'a.

Da la'asar ta yi alwala, ta miƙa ɗanyen hannu za ta rataye carbi a jikin fitilar. Sai na ji salati, na ga Inna zube a ƙasa. Na ɗauka ta tafi.

Can ta ɗago tana haki. "Kin gani ko? Ina ga ba mu tone ba?"

Yanzu da na yi nawa gidan, babu mai taɓa ramin gishirin da ke bayansa. Amma duk mai gyaran da ya yi sallama, sai na tambaye shi wa ya turo shi.